Ƙasar Sawu a Gefen Mayafi

Unguwar Sheshe, cikin birnin Kano,
Laraba, 16 ga Yuni, 1999.

Zuwa ga Fanna, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, 'yar Barno wadda turarenta ke riga ta isowa kamar an aiko shi ya share mata hanya! Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya lulluɓe ki tun daga ɗankwali har zuwa lallen ƙafa. Ina gaida Baba da Inna da Kaka Yagana. Idan kin damu da jin tawa lafiyar, to ina ci, ina sha, ina buɗe shago, amma jiya wata mata ta ce in ba ta allurar keken ɗinki na miƙa mata man keke, har ta tambaye ni ko zazzaɓi nake yi. Na ce mata a'a Hajiya, wanda ya fi zazzaɓi ne.

Yau kwana goma sha bakwai rabona da ganin fuskarki. Na ƙirga, ban yi kuskure ba. Sau uku ina zuwa Koki in yi sallama a ƙofar gidanku, sau uku ana ce min ba kya nan, alhali turarenki yana tsaye a zaure yana ƙaryata mai maganar. Haba tauraruwata! Mutum ya ɓuya, ƙamshinsa kuma ya tona masa asiri? Ban yi fushi ba, don na san abin da na yi. Bakina ne ya ja min, kuma tunda bakin ne ya yi ɓarna, na ajiye shi gefe na ɗauki biro, ko Allah zai sa hannu ya fi shi hankali.

Ki yi haƙuri in mayar da ke ranar, don ina so ki ga na tuna komai, ban rage wa kaina laifi ko ƙwaya ɗaya ba. Lahadi ce, washegarin ranar da soja suka miƙa mulki, gari duk ya cika da hirar farar hula. Yayata Zinariya ta gayyace ki gidanta a Ƙofar Nassarawa bayan la'asar ki zo ki ga sabon kaset, ni kuma na faɗo kamar ban san za ki zo ba, ga shi na sha guga har hular ma sai da aka kafa min ita. Kika zauna kusa da taga da shuɗin mayafinki, hasken yamma yana sauka a gefen kuncinki, kina ɓare gyaɗa a hankali kamar kada ki ji mata ciwo. Wallahi rabin farkon fim ɗin ban gan shi ba. Wa zai bar wata ɗan daren goma sha huɗu ya tsaya kallon akwatin talabijin? Sai da Yaya ta taka min ƙafa sannan na juya.

Kin san labarin, amma bari in jera shi yadda na fahimta. Mailafiya magini ne, shekara uku yana neman 'Yardada. An sa rana ya ɗaga, an sake sawa ya sake ɗagawa, ƙarshe ya ce zai tafi ƙetare neman aiki, bai kuma faɗi ranar dawowa ba. Sai ga fitowar ƙarshe: da safe, tana sharar ƙofar gida, ya iso da jakarsa a kafaɗa don ya yi mata sallama. Ya yi ta zuba bayani, ita ko uffan. Ya gaji ya juya ya tafi. Da ya sha kwana, sai ta jingine tsintsiya, ta durƙusa, ta ɗebi ƙasa daga inda sawunsa ya fito, ta ƙulle a gefen mayafinta, ta ɗago ta dube mu ido cikin ido, ta yi wani murmushi. Shi ke nan. Allon ya yi baƙi, sunaye suka fara hawa. Babu waƙa, babu biki, babu ko alƙawarin kashi na biyu.

Kai, ranar na ga musu! Yaya Zinariya ta miƙe tana bubbuga bidiyon, wai kaset ɗin ne ya tsinke, an cuce ta, gobe za ta mayar wa mai shago abinsa. Mijinta Malam Gambo, da yake malamin tarihi ne kuma kwana biyu rediyo ba ta bar kunnensa ba, ya gyara zama ya ce mu duk yara ne. Wai Mailafiya soja ne, 'Yardada kuwa Najeriya: an yi ta yi mata alƙawari ana ɗagawa, yau ya tafi, ta ɗebe sawunsa don kada ya sake gane hanyar gidan. Yaya ta ce, "To in haka ne me ya sa ta adana ƙasar a jikinta, ba ta watsa a kwata ba?" Malam Gambo ya sosa gemu, ya ce, "Ai nan ne abin tsoron yake." Kika yi dariya har kika rufe baki da mayafi. Dariyar nan ce ta kashe ni, Fanna. Na ce a raina, Malam Gambo ya samu dariyarki da gemunsa, ni ina zaune kamar turmi? Bari in fi shi.

Sai na buɗe wannan bakin nawa. Na ce, "Ku bar wahalar da kanku, asiri ne! Wajen boka za ta kai. Mace ta durƙusa ta ɗebi ƙasar sawun namiji, me kuma ya rage? Ni wallahi tallahi in na ji mace ta yi min haka, ko an sa rana na fasa!" Na faɗa ina dukan cinya, ina jiran a tafa min. Su Yaya sun yi dariya. Ke kuwa gyaɗar da ke hannunki kika mayar cikin faranti, kika kakkaɓe zane, kika ce magariba ta kusa, Inna na jiranki. Na ce in raka ki, kika ce kin san hanya. Ni da wautata har na koma gida ina yaba wa kaina iya hira.

Kwana tara ina zarya ban san dalili ba. Ran na goma Yaya Zinariya ta zo shago da kanta, fuskar nan babu wasa, ta ajiye min wani ɗan ƙulli a kan kantar shagon. Ƙyalle ne shuɗi, na gane shi tun kafin in taɓa, daga gefen mayafinki aka yanko shi. Ta ce, "Fanna ta ce in ba ka kayanka. Ta ce ka rantse da Allah a gaban mutane, an kuwa sa muku rana watan Rajab, ita ba za ta zama sanadin da rantsuwarka za ta ci ka ba. Ka fasa ɗin, ta yafe." Na kwance ƙullin. Ƙasa ce, ja-ja, irin ta lungunku.

Yanzu zan faɗa miki abin kunya, ki yi min dariya son ranki, in dai zan ji labarin kin yi dariyar. Na sha jinin jikina, na fara lissafa alamomi. Abinci ba ya min daɗi sai na tuna ke. In na ga shuɗin mayafi a kasuwa ƙafata sai ta bi shi ba da izinina ba. Sunanki yana faɗo min ko a tsakiyar ciniki. Na ce, inna lillahi, ashe an gama da ni tuntuni! Na faɗa wa Yaya haka. Ta miƙo hannu ta saman kantar ta ba ni ranƙwashi irin wanda rabona da shi tun ina makarantar allo. Ta ce, "Sakarai, wannan ciwon tun ranar da ka fara ganinta a bikin ƙawarta kake fama da shi, a lokacin wace ƙasa ta ɗeba? Tashi ka je wajen kakarta, in ka yi sa'a ta bar ka da kunnuwanka."

Na je da hantsi, kina makaranta. Na tarar da Kaka Yagana a ƙofar ɗakinta tana haɗa turaren wuta, ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne malamin fassara fim?" Na ce ni ne, Kaka, na zo a yi min gyara. Ta ce in zauna a ƙasa, tabarma ta masu hankali ce. Sannan ta wanke ni tas, da Hausarta mai ɗanɗanon Barno, wadda ko zagi aka yi maka da ita sai ka ji kamar ka ce a ƙara.

Ta ce a gidansu, tun kakanninsu suna fataucin kanwa, idan namiji zai yi tafiya mai nisa, matarsa ko uwarsa takan ɗebi ƙasar sawunsa na dama ta ƙulle. Ta ce, "Ƙasa ba ta dawo da kowa, ɗan nan, Allah ne ke dawo da mutum. Amma mai jira mutum ce, tana mantuwa. In ƙullin ya taɓa mata ƙirji, sai ta tuna ta yi addu'a. Ranar da matafiyi ya dawo, a kwance a mayar da ƙasar inda aka ɗebo ta." Ta ce ta yi wa kakanki haka sau ba adadi, kuma duk ta mayar, sai guda ɗaya. Ta ɗaga gefen filonta ta nuna min shi, ƙyallen ya koɗe har ba a gane launinsa, na tafiyarsa ta hanyar Makka ne, wadda bai dawo ba. Ta mayar ta rufe, ta ci gaba da dama turarenta kamar ba ta ce komai ba.

Na tuna tafiyata Legas a watan Fabrairu, lokacin zaɓe, da kowa ke cewa hanya ba ta da tabbas, na zo da sassafe na yi miki sallama a ƙofar gida. Ashe ina shan kwana kika durƙusa. Ashe duk kwana goma sha biyun nan da nake can ina yawon sayen kaya ina shan iska, akwai wata a Koki da ƙasar ƙafata a ƙirjinta tana roƙa min Allah. Amma sai na ce, Kaka, ai na dawo tun watan Maris, me ya sa ba ta mayar ba? Ta ɗago ta harare ni. Ta ce, "Na tambaye ta nima. Ta ce wai ba ka gama dawowa ba tukuna, sai ranar da aka kai ta ɗakinka." Fanna! Fanna, 'yar mutan Barno! Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige ban ko cire takalmi ba. Wannan maganar kike ɗauke da ita wata uku a gefen mayafi, kina zaune kusa da taga, ni kuma na buɗe baki a gabanki na kira ta boka?

Daga nan gidan Yaya na wuce na ƙwace kaset ɗin kafin ta mayar. Sau goma sha ɗaya na kalli ƙarshen nan, ina mayarwa baya ina tsayarwa, har bidiyon ya fara kuka irin na tsohon keken ɗinki. Ki zo ki ji abin da makaho ya gani da idonsa ya buɗe.

Kin lura da tsintsiyar? Mace mai son rabuwa da mutum, ga tsintsiya a hannunta, ga sawunsa a gabanta, me ya fi sauƙi? Shara ɗaya ta wuce wurin. Amma 'Yardada jingine ta ta yi, kuma a hankali, kamar mai tsoron kada iskarta ta taɓa sawun. Sannan sawun dama ta ɗeba, na tsayar da hoton na duba da kyau, babban yatsa yana ɓangaren hagu. Kuma ba ta ɗeba da yawa ba, 'yar kaɗan ce da yatsu uku, sawun ya rage da siffarsa, wanda zai dawo zai iya sa ƙafa a ciki. Gefen mayafin da ta ƙulle kuwa ba na baya ba ne, wanda ke sauka a kan ƙirji ne. Wa ke ajiye abin cutarwa a nan?

Murmushin ne ya fi ba ni wahala. Ranar farko na gan shi na mugunta, irin na wadda ta ce za ka gani. Sai a kallo na bakwai na bar kallon leɓenta na kalli wuyanta. Tana haɗiyar wani abu, Fanna, sau biyu maƙogwaronta ya motsa. Kuka ne take mayarwa ciki, ta sa murmushin a ƙofa ya tsare mata mutunci. Kuma na san inda na taɓa ganin irinsa: lokacin da kika ce min kin san hanya.

Ba zan yi miki ƙarya ba, Malam Gambo har yanzu yana kan bakansa, jiya ma ya ce shekara huɗu masu zuwa ne za su nuna wanda ya yi gaskiya tsakaninmu. Yaya kuma ta rantse akwai kashi na biyu, ɓoye shi aka yi. Wanda ya shirya fim ɗin bai faɗa ba, ya bar mu da ƙulli bai kwance ba, ƙila ma yana wani wuri yana mana dariya. To su je su yi ta yi. Ni dai ban san zuciyar 'Yardada ba sai dai in yi hasashe, amma taki an kawo min ita har shago an ajiye min a kan kantata, kuma na kusa gudu daga gare ta saboda tsoro. Wannan ne ke hana ni sukuni.

Batun rantsuwa kuwa, ki kwantar da hankalinki, na je wajen limamin masallacinmu na kwashe komai na faɗa masa. Sai da ya gama dariya ya share hawaye, sannan ya ce wannan ta fi kama da rantsuwar suɓutar baki, amma in zuciyata ba ta natsu ba in ciyar da mutum goma. Yaya ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, na kai da hannuna, mutum goma sha uku suka ci, don uku sun ji ƙamshi sun shigo layi. Na ƙara da azumin kwana uku wanda ba wanda ya sa ni, don bakin nan ya san ya yi laifi. Rantsuwa ta warware, hasken raina. Ban fasa ba, ba zan fasa ba, ko buhu kika ɗeba. Ki ɗebi ta ƙofar shago, ki ɗebi ta ƙofar masallaci, in kina so in zo in yi ta zagaya tsakar gidanku har ki cika kwando!

Ƙullin yana nan a aljihun gaban rigata, ban zubar ba, ban kuma mayar ba, tunda mai shi ta ce ban gama dawowa ba. Ni wa ne ni da zan musa?

Ga abin da ya sa na ƙagu. Ranar Asabar ɗin nan zan sake tafiya Legas, kaya sun ƙare a shago, kwana goma zan yi in Allah ya yarda. Kuma kin ga abin da farar hula suka jawo mana: sabon kansilanku, don ya nuna shi ma ya iso, ya jibge yashi da tsakuwa a bakin lungunku, an ce Litinin za a fara zuba siminti tun daga bakin titi har ƙofar gidanku. Kowa na sa masa albarka, ni kaɗai nake kallon tarin yashin nan kamar abokin gaba. Kafin in dawo lungun ya zama daɓe, ko giwa ta bi ba za ta bar sawu ba. Asabar ce ta ƙarshe, Fanna. Ga damina ta sauka, ƙasa ta yi laushi, ko kaza ta taka sai an gane yatsunta.

Don haka ga roƙona, ba shi da yawa. Asabar da safe, bayan rana ta ɗan ɗaga, zan zo in yi sallama da Baba a zaure kamar yadda aka saba. Ba na cewa ki fito, ba na cewa ki yi min magana, ban cancanta ba tukuna. In na fito zan cire takalmin dama, in taka gefen dakalinku inda ruwan indararo ke jiƙawa, in danna da kyau yadda ko daga soro za a hango shi, sannan in ɗauki jakata in tafi. Kaka ta ce akwai sharaɗi ɗaya, matafiyi ba ya waiwaye, in ya waiwaya ya raina mai jiransa. Ni da wuyana ke juyawa da kansa in na ji ƙarar awarwaronki! Amma zan riƙe shi, ko da hannu biyu ne. Zan bi lungun nan har in sha kwana ban san abin da ke faruwa a bayana ba, ko kin durƙusa, ko kin ɗauko tsintsiya, ko ma ba ki leƙo ba. Haka zan hau mota, haka zan tsallake kogin Kwara, haka zan kwana goma a garin mutane. Babu mai mayar min da wannan baya in sake kallo, kuma ba zan tambayi Yaya ba, ba zan tambayi kowa ba.

Duk wanda kika zaɓa, ni dai zan dawo, in Mai sama ya ara min rai, kuma ƙofarku zan fara tsayawa kafin tamu, da ƙurar hanya a jikina. In an ce min ba kya nan, zan dawo washegari.

Naki tun kafin ki durƙusa, naki ko ba ki sake durƙusawa ba, naki har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba,

Ɗayyabu.